Bakaniken da Ke Tambayar Inda Mota Za Ta

Kafin masu shaguna su buɗe, shi ya riga ya share gaban garejinsa. Yakan shimfiɗa buhu ya jera sifanoni daga ƙarami zuwa babba, ya kunna rediyonsa mai kama tasha ɗaya tilo, ya sauka ramin gyara ya kwashe ganyen da iska ta zuba. Sannan ya zauna a kan tsohuwar kujerar mota da ke jingine da bango, ya jira wanda wahala za ta fara turowa. Haka na san shi fiye da shekara talatin. A ƙarshen watan nan zai miƙa wa ɗan ƙanensa makulli, domin baya ya ƙi sunkuyo, ido kuma ya fara yi masa gardama a kan ƙananan noti.

Ni ba mai yabo ba ne. Na halarci tarurrukan karramawa har na ƙoshi, inda ake rataya wa mutum lamba don ya ci rabi ya bar rabi. Na karanta tarihin manya da yawa, akasarinsu sai da suka mutu halinsu ya gyaru. Wannan yana raye, kuma zai ji haushin rubutun nan, abin da ya ƙara mini ƙarfin yin sa.

Sunansa na gaskiya ya ɓace tuntuni. Yaro da babba Ina-za-ta suke ce masa. Sauran bakanikai in ka kai mota sukan tambayi me ke damunta. Shi kuwa kafin ya ɗaga bonet sai ya ce, "Ina za ta?" Daga amsarka yake yanke hukunci, ko a gyara, ko a kira 'yan gwangwan su yanka ta su auna ƙarfen.

Mai facin da ke maƙwabtaka da shi ya shaida wannan. A mako guda aka kawo a-kori-kura biyu, kowace shasinta ya tsage a wuri ɗaya. Ta manomi ya yi mata walda. Ta direban kasuwa ya ce ta gama aiki.

"Haba Oga!" in ji direban. "Shekaranjiya da idona na ga ka ɗinke waccan."

"Waccan taki take kaiwa gona. Taki in ya zube, ƙasa ta gode. Taka iyayen mutane take ɗauka a kan kwalta."

Direban ya tafi yana zage-zage. Da ya sami wata motar, nan ya fara kawo ta, yana sosa ƙeya.

Tawa shaidar ta fi wannan tsawo. Marigayiya matata ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a hayin kogi, inda hanya da damina sunan hanya kawai gare ta. Tana da tsohuwar jif mai shiga ko'ina, wadda ta raɗa wa suna Alfadara, don taurin kai da juriya. Da ta rasu, Alfadara ta tsaya ƙarƙashin mangwaron tsakar gida. Tayoyi suka kwanta, ɓeraye suka ci wayoyi, kaza ta mai da kujerar baya akurki. Jama'a sun yi mini ta'aziyya ta mako guda, shawara kuwa ta shekaru.

Babban ɗana ya ce, "Baba, ƙarfe ne fa. Macizai za ta tara mana." Autata ta ce duk wanda ya taɓa motar Mama ba ita ba shi. Rannan 'yan gwangwan suka zo suna ƙwanƙwasa jikinta kamar mahauta na taya sa, na raka su ƙofa da kalmomin da ba su cikin littattafaina. A ƙarshe muka yi yarjejeniya da ɗana: in ruwan farko ya sauka tana nan a kwance, ya kira su.

Na aika wa Ina-za-ta hankalina kwance, don shi ya yi ta jinyarta tun tana da fenti. Ya zo ya kewaye ta, ya kwanta ƙarƙashinta, ya fito yana kakkaɓe riga.

"Malam, ina za ta?"

"Ba inda za ta. Ka tashe ta kawai, in riƙa jin ƙararta da safe."

"To ka sayi rediyo, ya fi sauƙin ciyarwa."

Na dube shi. Bai yi dariya ba.

"Shasinta lafiya lau," in ji shi, "injin ma zai tashi. Amma ni ba na gyara mota don ta tsaya. Wadda ba ta da wurin zuwa, ko a leda take, gwangwan ce. In haka ne, ɗanka ya fi ka gaskiya. Sista ba ta taɓa barin ta kwana biyu ba ta taka ƙasa ba."

Na gaya masa abin da nake gani game da shi da sifanoninsa. Ya saurara har na gama, ya ce in na samo amsa in aiko.

Bayan 'yan kwanaki wata mata ta yi sallama. Ita ce ta gaji marigayiya a asibitin hayin kogi.

"Baba, bakanike ne ya ce in na shigo gari in biyo in gaishe ka."

Ba ta ambaci mota ba, sai dai idonta bai bar gindin mangwaro ba. Da na tambayi aiki, ta ce alhamdu lillahi, illa dai mace in naƙuda ta yi gardama, a kan babur ake ɗaure ta da zane a bayan mijinta har bakin kwalta. Ta ɗaga kai ta dubi sama ta ce, "Ga hadari ya fara haɗuwa."

Na gane tarko ne, na kuma gane mai ɗana shi, don har warin baƙin mai yake yi. Duk da haka washegari na tsaya a bakin ramin gyara na ce, "Hayin kogi za ta."

Muryarsa ta fito daga ƙarƙashin wata mota: "Yanzu ka yi magana."

Ya sauya wayoyi da lagireto, ya ɗaure birki, ya nemo tayoyi masu manyan haƙora. Fenti bai taɓa shi ba, ya ce fenti ba ya haye kogi. Ranar gwaji ma'aikaciyar ta zo da yayanta, wanda aka shirya zai riƙa tuƙi. Komai ya tafi daidai har aka zo kan ƙaramar giya, wadda ke sa tayoyi huɗu su ja tare a cikin taɓo. Yayan nata ya ja, ya tura, ya yi gumi, Alfadara ta ƙi.

"Matsa," na ce masa. Na ɗan ja da baya, na daki sandan giyar da gindin tafin hannu yadda marigayiya ke yi. Ta shiga.

"Wannan fa, ka manta da ita?" na tambayi Ina-za-ta.

"Kayanta sun ɓace a kasuwa, Malam. Sai dai wanda ya san halinta ya riƙa jan ta."

Ta haka na zama direba da furfurata. Ruwan farko a hanya ya same mu. A daminar nan mun haye da mata ban san adadinsu ba. Wata ba ta jira asibiti ba, ta haihu a kujerar da kaza ta bari, muna tsakiyar taɓo, tayoyi huɗu na haƙa. Ni da na nemi ƙarar injin da safe, sai ga ƙarar da ta fi ta. Ɗana da kansa yanzu yake kira yana tambayar ko an duba birki.

Kai ne, Ina-za-ta, wanda bai taɓa ɗinke abin da zai kashe mutum ba, bai kuma taɓa miƙa wa mahauta abin da ke da sauran tafiya ba. Kai ne ka ƙi yi mini abin da na roƙa, lokacin da kowa ke lallaɓa ni kamar ƙwai. Likitan ƙarfe, mai ɗacin magani.

A makon jiya ana kwashe kayan gareji don miƙa makulli, ina zaune a kujerar bango, ɗan ƙanensa ya jawo wani kwali daga bayan kanta. Sabon ƙarfe ne a ciki, ko maiƙonsa bai bushe ba.

"Baba, wannan ba na ƙaramar giyar motar Malam ba ne? A saka?"

"Mayar inda ka gan shi. Ta ce maka tana so?"

Na ce, "Ashe tsohon maƙaryaci ne kai."

Ya ce, "Malam, an ce maka mota kaɗai ake tambaya ina za ta?"

Na gode, Oga. Allah ya saka da alheri, ya hutar da bayanka. Ku kuma masu sana'a, da masu ofis, da masu tsofaffi a gida, kafin ku ce wannan ya gama ko wannan a lallaɓa shi, ku ari tambayarsa. Ba ta da tsada, kuma shi zai daina amfani da ita a ƙarshen wata.

Rannan da zan bar garejin na mayar masa da tambayarsa. Na ce, "To, kai da ka ajiye sifana, ina za ka?"

Ya dubi Alfadara a bakin titi, taɓo har gilashi.

"Hayin kogi," in ji shi, "in kujerar gaba babu kowa. Wani ya kamata ya riƙa jin yadda kake azabtar da kuloci."