Minti Ashirin da Uku a Majalisar Shayi

A majalisarmu ta shayi a unguwar Briqueterie ta birnin Yaounde akwai doka ɗaya tak, kuma ita kaɗai na taɓa ganin samarin unguwarmu sun bi ba tare da an tsaya a kansu da sanda ba. Sifika ɗaya ce, ta wani babban yayanmu mai gyaran waya, wanda a ƙofar shagonsa muke zama bayan la'asar. Kowa yana da waƙa ɗaya, bi da bi, daga hannun dama. In layi ya zo kanka ka sa abin da ranka yake so, ba wanda ya isa ya katse maka, ko da kukan jaki ka ɗauko. An kafa dokar ne bayan wata rigima tsakanin masu son waƙoƙin Hausa na Najeriya, da 'yan arewacin ƙasar nan masu son na Fulatanci, da waɗanda suka shiga lise, wato sakandare, suka dawo ba sa jin komai sai da Faransanci. A rigimar aka ɓarar da butar shayi, shi ne yaya ya ce daga yau haka za a yi. Lokacin da yake yanke wannan hukunci mai cike da hikima, bai san akwai waƙa mai minti ashirin da uku a duniya ba.

Ni na sani. Ina da shekara goma sha bakwai babana ya kawo mini wata waya 'yar gwanjo daga kasuwar Mokolo, da katin memori a ciki wanda tsohon mai ita ya manta. Na yi tsammanin hotuna zan tarar. Sai na tarar da kiɗa, irin wanda ban taɓa ji ba: gita da ganguna da wani abu mai amo kamar na coci, waƙa ɗaya ta yi ta tafiya, ta canja taki, ta yi shiru har ka ɗauka ta ƙare, sai ta taso ta wata hanya dabam. Mai rerawa yakan leƙo ya faɗi layi huɗu ya ɓace, a bar makaɗa su ci gaba da shagalinsu. Daga baya na gano masu abin suna ce masa prog rok. Karon farko na ce shirme ne. A karo na biyar tsigar jikina ta tashi, na san na shiga uku.

A gida ban samu mai taya ni ba. Babana tela ne, daga Najeriya ya zo, kuma a wurinsa duk sautin da ba na keken ɗinki ko rediyon labarai ba ɓata lokaci ne. Innata ce ta yi ƙoƙari, Allah ya saka mata. Ta karɓi abin kunne ta sa, ta saurara kamar minti huɗu tana tsince shinkafa, sannan ta cire ta miƙo mini. "Su waɗannan bayin Allah," in ji ta, "ba su da babba a gidansu da zai ce musu ya isa haka?"

A aji na samu mutumina. Malamin lissafi yana ta fama a allo, sai na ji wani a bayana yana buga benci da yatsu a hankali. Na ƙirga ba da niyya ba. Duk kiɗan da ake ji a unguwarmu kana iya taka rawarsa ido a rufe, shi kuwa wannan bakwai-bakwai yake tafiya, yana ɗingishi, irin ɗingishin da na sani. Na waiwaya. Wani siririn Bafulatani ne, ɗan arewa, babansa yana harkar shanu a kasuwar Etoudi, yaron da tun farkon shekara ban ji muryarsa ba. Na buga masa ci gaban kiɗan a nawa bencin. Ya zaro ido ya dube ni kamar ya ga ɗan garinsu a tashar mota. Malami ya kore mu waje mu biyu, kuma ban taɓa jin daɗin kora irin na ranar ba.

Shekara biyu muka yi a haka. Gidansu yana can wajen unguwar Tsinga, in an tashi daga makaranta sai mu wuce ɗakinsa mu baje a tabarma, mu saurari waƙa ɗaya sau uku, mu yi gardama a kan ko mai ganga ne ya fi ko mai gita. Hausarsa ta kasuwa ce, in ta ƙare masa ya koma Faransanci, in abin ya kai masa maƙura ya saki Fulatanci, ni kuma in gyaɗa kai kamar ina ji. Mun yanke shawara cewa duk Yaounde mu biyu ne masu kunne, sauran jama'a Allah ya ba su nasu ne don rataya tabarau. Muna tausayinsu ƙwarai. Abin da ba mu taɓa faɗa wa juna ba shi ne, in ɗayanmu ya tafi, wanda ya rage ba shi da ko mutum ɗaya da zai ce wa "ji nan, ji nan wurin." Ni dai na san haka, kuma abin yana ba ni tsoro.

Amma a majalisa ni wani mutum ne dabam. Ni ne mai barkwanci, ni ake jira in zo a yi dariya, har yaya ya ba ni babban muƙami na zama kusa da sifika ina haɗa wayoyi da igiya. In layi ya zo kaina sai in sa wata waƙar biki mai minti uku da kowa ya haddace, in yi ta kaɗa kai da murmushi. Gwanin kunnen Yaounde ke nan. Shi kuwa mutumina, da na fara jan shi zuwa wurin, duk lokacin da layi ya kai gare shi sai ya ce, "Ku wuce ni." Wata da watanni yana cewa a wuce shi, har aka daina tambayarsa sai don cika al'ada.

Wata Asabar muna gangarowa zuwa majalisa ya ce mini yau zai sa. Na tambaye shi me zai sa. Ya faɗi wadda yake nufi, doguwar, wadda muka fi so.

"Kai, ka rufa mana asiri," na ce. "Vingt-trois minutes fa, minti ashirin da uku cur. Za su cinye mu ɗanye."

"Doka ta ce waƙa ɗaya," in ji shi. "Ba ta ce gajera ba. In suka kai ƙarshe za su gane. Ko mutum ɗaya ne ya gane, mun zama uku."

Ka ji lissafi. Mu zama uku. Har cikin ransa ya yarda cewa a cikin samari goma sha biyu masu gardamar ƙwallo akwai wani ɓoyayyen ɗan'uwanmu da yake jiran a cece shi. Na so in yi masa dariya, amma fuskarsa ta hana ni. Sai na ce to, Allah ya sa mu ga alheri, kuma a zuciyata ina addu'ar a ɗauke wuta.

Ba a ɗauke ba. Wutar da take tafiya ba sallama kullum, ranar ta zauna daram. Layi ya zo kansa, yaya ya buɗe baki zai ce a wuce, sai ga waya an miƙo mini. Ni da hannuna na haɗa igiyar.

Minti uku na farkon waƙar nan babu ganga, babu murya, sai iska da wani amo mai tashi a hankali. Yaya ya duƙa ya bubbuga sifikarsa, ya ɗauka ta lalace. Wani ya tambaya ko sun fara ne, ko har yanzu suna gyara kaya. Da ganguna suka shigo, wani sarkin rawa a cikinmu ya miƙe don ya taimaka, ya ɗaga ƙafa, ya nemi inda zai ajiye ta bai samu ba, ya koma ya zauna yana cewa mai gangar nan a duba shi, ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Wata mai tallan ƙosai ta tsaya ta tambaya ko coci aka buɗe a shagon. Aka sha shayin farko, aka wanke kofuna, aka ɗora na biyu, waƙa tana nan. Wajen minti na goma sha biyu ta yi shiru, jama'a suka yi hamdala, wanda ke biye har ya miƙo wayarsa. Sai ta taso.

"Yaya, don girman Allah," in ji wani.

"Doka doka ce," in ji yaya, da murya irin ta wanda ya haƙa rami ya tsinci kansa a ciki. "Ni na kafa ta. A bar shi."

Shi kuwa mutumina yana zaune ya sunkuyar da kai, yatsunsa suna bin kiɗan a gwiwarsa. Kunnuwansa kawai nake gani, sun yi ja. Lokaci-lokaci yakan ɗago ya dube ni, ni kuma na ga ashe ƙasan kofin shayina yana da abubuwan kallo da yawa.

A minti na goma sha tara sarkin rawan nan ya juyo kaina. "To kai, ai kullum tare kuke. Kai ma irin wannan kake ji?" Ido goma sha biyu sau biyu suka dawo kaina. Abin da ake nema a wurina kalma ɗaya ce, kuma gaskiya ce, kuma na san ta.

"Ni?" na ce. "Ni jinya nake yi. Likita ne ya ce kada a riƙa barinsa shi kaɗai."

Dariyar da aka yi har masu gasa nama na tsallaken titi sai da suka waiwayo. Wani ya faɗo daga benci, yaya yana share hawaye. Ba zan yi ƙarya ba, ta yi mini daɗi, daɗi sosai, irin wanda ke hawa kai. Kuma da yake ni jarumi ne, ban tsaya nan ba. Na ce bari in ba majinyaci maganinsa, na sa hannu na fizge igiyar daga wayar.

Na san inda waƙar take lokacin da na fizge. Saura kamar daƙiƙa arba'in a kai wurin da duk hargitsin nan yake kwantawa, gita ɗaya ta fito ita kaɗai a hankali, duk abin da aka warwatsa tun farko ya dawo ya haɗu. Saboda wurin nan ake haƙurin minti goma sha tara. Ko innata na tabbata da ta kai nan da ta dakata da tsintar shinkafa.

Aka tafa mini. Yaya ya ce an karya doka, amma wannan ceton rai ne, ba za a hukunta ni ba. Mutumina ya miƙo hannu na ba shi wayarsa. Ya shanye shayinsa har ƙasa, ya yi wa mai dafawa godiya, ya ce mana sai an jima, ya tafi. Na zauna har aka kira magariba ina ta zuba, ranar ban yi maganar da ba a yi mata dariya ba.

Ranar Litinin a makaranta ya gaishe ni, ya tambayi mutanen gida. Talata ma haka. Na ce a raina fushi ne na kwana biyu, zai huce, ai wasa ne, wanda bai san wasa ba shi ya jiyo. Na yi kwana tara ina ba kaina wannan fatawa. A na goma na samo wani sabon kiɗa da na san bai taɓa ji ba, na sa a waya na nufi Tsinga, ina tsara yadda zan shiga da raha kamar ba abin da ya faru.

Ya karɓe ni da kyau. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa a kofi da faranti a ƙarƙashinsa. Na ciro waya na ce na zo masa da wani abu da zai fasa masa kai. Ya ce madalla, in tura masa, zai ji in ya samu lokaci. Nan raha ta ƙare mini. Na ce masa ya yi haƙuri, bakina ne, ya san halina, kuma ai ko ban cire ba wani zai cire.

"Da wani ne ya cire, da ba komai," in ji shi. Bai ɗaga murya ba, kuma duk da Hausa ya faɗa, bai nemi taimakon Faransanci ba. "Da mun taho hanya muna yi musu dariya, ni da kai. Su ba su san abin da ke zuwa ba. Kai ka sani."

Na mayar da wayata aljihu. Muka zauna. Ya tambaye ni lafiyar innata, na ce lafiya lau. Ya tambayi aikin baba, na ce alhamdu lillahi. Da na ga gaisuwa ta ƙare babu abin da zai biyo bayanta, na ce zan koma.

Ya tashi ya sa takalmi. Ya taka mini har bakin titi, ya tsaya sai da na tsallaka, ya ɗaga mini hannu ya ce in gaida gida. Shekara biyu ina shiga gidan nan ina fita, in buɗe tukunya da kaina, in yi barci a tabarmarsa, ba a taɓa raka ni ba sai ranar.