Zanen Sale da Ban Yi Ba

Wauta ba ta tsufa, ni shaida ne. Wani ɗan ƙasarmu da ke aiki a saidaliyya, kantin magani ke nan, a unguwar Khalidiyya nan Madina, ya miƙo mini wayarsa, don ya san da can zanen motoci ne sana'ata. Ya ce zane-zanen Yahudawa ne, waɗanda suka fito da rai daga sansanonin da aka tsare su lokacin babban yaƙin Turai. Na duba na tuntsire da dariya. Na ce wannan bai iya ba, ƙafar mutum kamar sillen kara. Ya tura na gaba. Mutane ne a layi, kowa da kwano, idon kowa a kan ludayi. Nan dariyar ta maƙale. Mai zanen ya iya. Haka ƙafa take komawa.

Can gida ne abin ya faru, ranar kasuwarmu. Bayan asuba na haɗa fenti a tasha, ina zana zaki a bayan wata babbar mota. Direban ya ce ya fi kama da kyanwa mai mura. Ƙanena Sale, mai shayi, ya kawo mini kofi yana taya shi tsiya. Ƙato ne, mai kumatu. Matarsa ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, can wani gari. Abin da ya cece ta ke nan.

Da hantsi muka ji babura. Sai harbi, ta wajen mayanka. Sai kuma ta ko'ina.

"Ku kwanta! Maza gefe guda!"

Na kwanta da buroshi a hannu. Kafin azahar an loda mu a motar da nake zanawa. Rumfuna suna ci da wuta, har teburin Sale. Zakin ko wutsiya ba shi da ita.

Cikin daji masu baburan suka kai mu, wani fili da aka kewaye da ƙaya. Abinci sau ɗaya, bayan la'asar. Suka ga fenti a farcena, suka ba ni aikin shafe motocin da suka ƙwato da launin ƙasa. Da zakina na fara. Babbansu ya ce hoto haramun ne, wanda aka kama yana yi hannunsa zai tafi. Ni ana zuba mini ludayi biyu. Sale haƙar ramuka aka sa shi. Ina ɗiba masa daga kwanona, amma kumatun nan suka zube, wandonsa ya koma ɗaurewa da igiya.

Wata la'asar ya ɗauko gawayi a murhu, ya haɗa da ɓallen kwali, ya turo mini a ɓoye. Ya ce in zana shi, don abin da za a haifa ya san ubansa. Hotonsa ɗaya ne a duniya, na jikin katin shaida, shi ma ya ƙone da teburin. Na dubi mai gadi, na dubi hannuna. Na ce hancinsa kaɗai zai cinye gawayin, ya bari ya mayar da ƙibarsa tukuna. Ya yi dariya. Tari ya karɓe ta.

Ranar da muka fita, rana ba ta gama ɗagawa ba muka ji jirgin yaƙi. Ƙara ta farko ta zubar da tukunya. Ta biyu ta kama ƙayar da wuta. Masu gadi suka watse.

"Ku gudu!"

Ban san wa ya faɗa ba. Na goya Sale, muka bi ta inda ya ƙone. Ba shi da nauyi, kamar buhun ƙaiƙayi. Bayanmu ihu, gabanmu sai kukan kurciya. Da azahar muka faɗa wani busasshen rafi. Ya ce, Yaya, ruwa. Na tona yashi da kwanona. Kafin ruwan ya taru ya cika. Da kwanon na tona masa makwanci. Na yi masa salla ni kaɗai, da ɗan abin da na iya.

Mace aka haifa, Hauwa'u. Yanzu ta isa riƙe waya. Ni kuma ina nan Madina, a wata baƙala, kantin kayan masarufi, a unguwar Aziziya, ina sauke kwalaye ina cika wa abokan aiki kunne. Duk Juma'a takan kira ni da wayar uwarta. An gaya mata baffanta mai zane ne, kullum roƙonta ke nan, in zana mata ubanta.

Tun da na ga zanen mutanen nan, in an tashi daga aiki nakan yagi kwali in zauna. Layin yana fitowa. Ƙayar tana fitowa, har ludayin. Sale mai kumatu ya ƙi zuwa. Wanda ke zuwa shi ne na bakin rafi, idanu a rami, wuya kamar na zakaran da aka fige. Sai in kifa kwalin.

Na ce wa yarinyar hannu ya tsufa, baffanta ko kyanwa ba ya iya zanawa yanzu. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baffa, ko na ramar ne ka aiko. Ni ai ban san wani ba."