Shanun Kakan Madina

A barikin Shadawanka Ƙauna Elisha ta tashi. Mahaifinta soja ne da ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya, labaransa kuma su suka sa mata son sanin yadda ƙasashe ke faɗa da shiri. Ta karanta tarihi, ta kama koyarwa a wata sakandare ta hanyar Tirwun, amma burinta ta yi digiri na uku ta koyar a jami'a.

Kafin nan dole sai ta yi na biyu. Ta zaɓi hulɗar ƙasa da ƙasa, sai dai fom ɗin ya nemi ta faɗi abin da za ta bincika. Mako uku tana rubutawa tana yagewa.

Wata rana a ɗakin malamai, ƙawarta Madina mai koyar da labarin ƙasa ta ba ta labarin kakanta Hammajoda, wanda ya shekara arba'in yana ƙetarawa da shanu Kamaru. Idan rikici ya tashi a bakin iyaka, in ji ta, ardo da ardo kan kashe wutar tun hukuma ba ta ji ba.

"A kan wannan zan yi nawa digirin," Madina ta ce, "da zarar na yaye 'yata Mas'uda."

Ƙauna ta yaba. Ranar Litinin ta tura fom ɗinta da wannan batu.

Aka ɗauke ta. Malaman da suka yi mata tambayoyi har cewa suka yi sun daɗe ba su ga tunani irinsa ba, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Madina da ta ji an ɗauke ta, ta kawo mata kindirmo har gida tana guɗa. Ƙauna ta kasa sha. Daga nan ta riƙa cin abincin rana a aji, ta sauya hanyar zuwa bakin titi. A coci ma in an zo addu'ar neman gafara sai bakinta ya yi nauyi.

Wata biyu ta yi a haka, sannan ta je gidan Madina ta faɗa mata komai a tsaye.

Madina ta daɗe tana jijjiga 'yarta. Can ta ce, "Da kin tambaye ni, 'yar'uwa, wallahi da na ba ki."

"Zan janye."

"Ki janye ya amfani wa? Kaka ya tsufa, ba lallai ya jira ni ba. Ranar Asabar ki shirya mu je."

Suka je rugar da ke bayan Zungur. Tsohon ya yi ta zuba da Fillanci, Madina na fassarawa, Ƙauna na rubutawa. A mota da za su dawo, Madina ta zauna gaba, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya.

Yanzu Ƙauna na shekara ta biyu. Ita da Madina suna gaisawa a makaranta, suna tambayar juna mutanen gida, hirar ba ta wuce nan.