Fiton da Yoila Bai Ji Ba

Yoila ba ya mayar da rediyo da dukan kayan cikinsa. Ka kai masa gyara, zai dawo maka da shi yana magana tangaram, amma ya cire abu biyu ko uku ya jefa a gwangwaninsa. Kuma ba ya ɓoyewa. Da bakinsa zai ce, "Na ɗauki ɗan wani abu a ciki. Masu ƙera shi ne suka cika masa kaya." Wasu su zage shi, wasu su yi dariya, gobe kuma su dawo, domin a layinmu na Moduganari babu wanda ya kai shi sanin waya.

Shekara ashirin da uku ke nan yana haya a gidana, ɗaki biyu da ɗan shago a bakin ƙofa. Mutumin Biu ne. Matarsa ta rasu tuntuni, daga shi sai 'yarsa Florence mai ɗinki. Banda gyaran rediyo, shi ke kaɗa jita a cocinsu tun yana da baƙin gashi. Ban taɓa shiga cocin ba, amma babu waƙarsu da ban sani ba, saboda kowace Asabar da la'asar a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gidana yake gwaji.

Sai cocin ta sayi kibod na kiɗa, aka kuma naɗa wani matashi, Alfred, shugaban mawaƙa. Kibod ɗin yana da maɓallin da in an danna, sautin ya riƙa dawowa kamar an yi kira a cikin rijiya. Eko suke ce masa. Alfred ya ce wa Yoila, "Baba, jitarka a bushe take, ba ta shiga cikin sauran kiɗan." Ya ba shi zuwa bikin godiya na ƙarshen shekara. In jitar ba ta canza ba, Baba ya koma benci ya huta. Yoila ba shi da gona, ba ya zuwa majalisa, ba ya kallon ƙwallo. Kujerar nan ta gaban coci ita ce abin da yake da shi.

Akwai akwatunan eko na zamani, Florence ta nuna masa a waya. Ya ce sautinsu ba shi da gishiri, shi na da yake so, kuma da hannunsa zai haɗa.

Wata safiya ya yi sallama a ƙofar ɗakina, ya buɗe tafin hannu. Wasu baƙaƙen abubuwa biyu ne masu ƙafa takwas-takwas, kamar ƙananan kyankyasai.

Ya gaishe ni, "Wushe, Hajja. Daga amfilifayar marigayi Alhaji na ciro su, wadda ke cikin sito. Aisi ake ce musu."

"Ka tambaye ni?"

"Ga shi ina gaya miki."

"Bayan ka cire."

"Ɓeraye ma ba su tambaye ki ba, Hajja, kuma sun riga ni cin rabin wayoyin."

Na ce ya je. Amfilifayar mijina ce, ta shekara goma sha biyar ba ta yi tari ba.

Ya yi mini bayanin aikinsu, ko da yake ban nema ba. Wai a cikin kowane ɗaya akwai dogon layi, kamar leburori suna miƙa wa juna kwanon kankare ranar zuba rufin bene. Sauti ya shiga hannun na farko, a yi ta miƙa shi har ya fito ta hannun na ƙarshe, a makare. Makarar nan ita ce eko. In leburorin suna sauri, eko ya yi gajere. In an rage musu sauri, ya yi tsawo.

Lokacin nan ne garin ya yi kusan shekara biyu babu wutar lantarki. Ƙarfen da yake narka dalma da shi ya zama sanda. Sai ya koma ɗora wani tsohon ƙarfe a kan kurfotina bayan an sauke abincin rana. Gawayi ba shi da ma'auni. Cikin watan Afrilu, zufa tana ɗiga daga haɓarsa kan allon, ya ɗora ƙarfe ja wur a ƙafar aisi na farko ya dafa shi. Ya shinshina, ya jefa shi bayan katanga. Na biyun ya riƙa naɗe masa ƙafa da jiƙaƙƙiyar auduga kafin ya taɓa shi, ƙafa ɗaya a yini.

Sauran kayan daga gwangwaninsa suka fito, wato daga rediyoyin unguwa. Gidan abin kuwa akwatin tsohuwar sitabilaiza ne, makunnin da ake takawa da ƙafa ya samo wurin masu gyaran keke napep. Ya haɗa, ya kwance, ya sake haɗawa. Damina ta zo ta wuce. Na gaji da warin dalma a cikin miyata, na gaya masa, ya ce saura kaɗan. Wata huɗu yana cewa saura kaɗan.

Ran wata Asabar cikin Nuwamba ya ɗaura batir, ya taka makunni, ya ja tsirkiya ɗaya. Sautin ya fita ya dawo, ya sake dawowa a dushe, har sau huɗu. Gaskiya ya yi daɗi. Amma Yoila bai ƙoshi ba. Ya sa sukundireba a wani ɗan noti na ciki yana murɗawa, eko yana ƙara tsawo, har sai da ya zama in ya kaɗa, yana iya ɗaga kai ya dube ni kafin sautin ya dawo.

Surukata Rashida ta fito daga kicin da yatsa a kunne. "Hajja, wane irin sauro ne wannan? Har cikin haƙorina nake jin sa."

Ni ban ji komai ba sai jita. Na ce ta koma kan tukunyarta. Yoila ya ce yaran yanzu ba su san kiɗa ba. Florence tana zaune a bakin kekenta, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ɗinki. Ba a yi mata tarbiyyar ƙaryata uba a gaban mutane ba, sai ta bar shi ya tafi da abinsa.

Abin da ya faru ranar bikin godiya daga bakinta na ji. Yana taka makunnin, matasa suka fara yamutsa fuska, jarirai suka ɓarke da kuka, shi kuwa ya lumshe ido yana kaɗawa. A tsakiyar waƙa ta biyu Alfred ya sunkuya ya zare masa waya.

Ya dawo gida da rana tsaka, ya zauna a gindin darbejiya da rigarsa ta coci. "Hassada ce, Hajja."

Na ce, "Ita ce." Kurame biyu suna ba juna gaskiya.

Sai Florence ta durƙusa a gefensa. "Baba, akwatin yana fito. Siriri ne ƙwarai. Tun ranar farko nake jin sa."

"Ke ma?"

"Gwada ni."

Ta juya masa baya. Ya riƙa taka makunnin ba tare da ya taɓa jita ba, tana cewa ya kunna, ya kashe, ya kunna. Ya yi mata wayo, ya buga ƙafa a ƙasa kawai, ta ce, "Yana nan a kunne." Sau goma sha biyu ba ta kuskure ba. Ya kira Rashida, ita ma haka.

Ya daɗe yana duban akwatin. Ya san ciwon, aikinsa ne. Ya rage wa leburorin sauri fiye da kima, har sautin ƙidayar da suke bi wajen miƙa kwano ya sauko inda kunnen mutum yake kamawa. Kunnen mai shekara talatin, ba na mai saba'in da ya ƙare rayuwarsa kusa da lasifika ba. Maganin ɗaya ne, a mayar musu da saurinsu.

Ya ce wa Florence ta ɗaga hannu in fiton ya ɓace. Ya murɗa notin baya kaɗan-kaɗan, yana kaɗa tsirkiya, eko yana gajarcewa, hannunta yana kan cinya. Sai da ya koma kamar tafi a banɗaki sannan ta ɗaga. Ya karɓi jan farcenta ya ɗiga a kan notin don kada ya sake motsawa.

"Wata takwas," ya ce. "Don wannan."

Ban ba shi haƙuri ba, ba ya so.

Alfred ya saurari akwatin cikin mako, ya ce babu laifi. Bai mayar masa da kujerarsa gaba ɗaya ba. Waƙa ɗaya ya ba shi, ta lokacin karɓar baiko, mai tafiya a hankali. Sauran lokacin yana benci da jitar a tsakanin gwiwoyinsa. Kuma akwatin ba ya zama inda aka ajiye shi: in zafi ya tsananta ko batir ya yi sanyi, fiton yakan leƙo.

Lahadin da ya koma, kafin a fara, ya je gaban matan da ke zama a layin farko ya cire hula. Abin da ya gaya musu shi ya maimaita mana a tsakar gida da ya dawo, har da ni da ba ni da amfani a wannan fanni.

"In kun ji yana fito, wata ta kama kunnenta inda zan gani, zan kashe. Kada ku bari sai an zare mini waya."