Zabirar Kawu Daudu

Tsoro ya kama ni ne lokacin da Kawu Daudu ya rataya mini zabirarsa a kafaɗa. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin ya bar wani ya riƙe jakar askan nan ba, ko da matarsa Hansai.

Ƙanin mahaifiyata ne, wanzami a Darini. Ran kasuwar Batsari rumfarsa cika take yi, wasu don aski, wasu don bakinsa. Yakan ce, "Mutumin kirki a garin nan shi ne wanda ba a ba ajiya ba tukuna." In an dawo ta'aziyya kuwa ya ce, "Ku lura da wanda ya fi kowa kuka, shi ya fi kowa sanin iyakar gonar mamacin." Da na gama jami'a ya tare ni: "Huzaifa, sun koya maka ƙaddara? Ga ta: akuyata ta ci dawarka, ƙaddara, taka ta ci tawa, sai gaban alƙali."

Da damina 'yan bindiga suka kwashe mata daga gona, har da mahaifiyar wani attajirin garinmu, Alhaji Badamasi, tsohuwa mai ciwon suga. Suka yarda a kai mata magani can daji, ta wajen Safana. Dattawa suka taru neman wanda zai kai, kowa ya sunkuyar da kai.

Alhaji Badamasi ya ce, "Daudu, kai za ka je. Ko aljani sai ka ba shi dariya. In da sauran kwananka, me zai same ka?"

Kawu ya ce, "Alhaji, kai naka kwanan a banki ka ajiye?"

Aka kwashe da dariya, kamar an gama magana ke nan. Ya tashi ya rataya mini zabirar, ya hau babur.

Daga baya aka sako matan, tsohuwa da ranta. Shi aka riƙe shi, wai yana ɗebe wa 'yan bindigar kewa.

Yanzu Alhaji Badamasi yakan zo ƙofar gidan Kawu, yana share hawaye da hannun riga, yana cewa, "Hansai, haƙuri, ƙaddara ce." Ƙaddara ce ta nuna shi da yatsa a gaban jama'a? Uwar wa aka je ceto? Raina yakan ɓaci, ga shi ko ƙarar babur na ji sai gabana ya faɗi.

Nakan goge asaken da mai kada su yi tsatsa. Matan sun ce sun baro shi da rai. Bayan wannan, har yau ba mu ji komai ba.