Babbaƙun Baba Direba

A shekarun farko na Shari'a ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare ta yankin Baure. Motar makarantar ta fi daɗewa a kan duwatsu fiye da kan tayoyinta, saboda haka direbanta yana da lokaci. Dattijo ne siriri, muna ce masa Baba Direba. Da ƙuruciya ya yi aiki a wata masaƙa a Kano, inda wani kuku ɗan ƙasar Sin ya koya masa darasin farko na faɗansu na hannu. Tsayuwa ce wuri ɗaya, ba taku, ba abokin karawa, hannuwa kawai ke fita suna komowa a hankali. Babbaƙu yake kiran abin, wai kukun ya koma gida kafin su kai farfaru.

Na roƙe shi ya biya mini. Ya yarda, da sharaɗin in riƙe yadda ya ba ni, ba ƙari ba ragi, domin 'ya'yansa sun yi masa dariya, kuma idan ya tafi ba mai shi sai ni. Na ɗauki alkawari.

Bayan la'asar muke yi, a bayan sito. Rusunawar da ake buɗewa da ita kaɗai ya cire, ya kuma sanar da ni ya cire, don lokaci ne da ake tambayar hukuncin komai har tsawon wando. Malamin Arabiyya ya zo ya kalle mu sau biyu, ya yanke cewa motsa jiki ne, kuma bai ga jikin da ya motsa ba.

“Matse gwiwa, Ticha, kamar ka riƙe akuya za a ba ta magani,” in ji Baba. “Taka akuyar ta tsere, ta kai bodar Kongolam tun ɗazu.”

Na koya kamar yadda aka koya mana karatun allo: abin da malam ya yi shi za ka yi, tambaya sai ka girma. A tsakiyar darasin, bayan hannun hagu ya fita sau uku, Baba yakan dunƙule na dama ya ɗora a ƙirji, ya tsaya, sannan ya shafo damtsen hagu har gwiwar hannu. Wannan wurin na fi so. Har bayani na yi wa kaina, irin na mai digiri, cewa nan ne mayaƙi ke tattara hankalinsa. Da ya ga na yi, ya dube ni jim kaɗan, ya ce in ci gaba.

Shekara biyu muka yi. A wani dogon hutu aka aiko mini ya faɗi yana alwala, kafin a samo mota ya cika.

Na ci gaba da yi ni kaɗai, har na yi ritaya na dawo Daura. Wata rana 'yata ta biyu, wadda ke aikin jinya, ta zo gida ta same ni a tsakar gida ina cikin yi. Da na kai wurin dunƙule hannu sai na ji ta ajiye kwano ta riƙo kafaɗata.

“Baba, tun yaushe kake jin ciwon nan?”

Na ce ba ciwo ba ne, karatu ne. Ba ta yi dariya ba. Ta ce haka masu ciwon zuciya ke shigo musu, hannu a dunƙule a ƙirji, suna shafa damtsen hagu. Don ta rufe mini baki ta nemo darasin a wayarta. Mun kalli mutum biyar, tsofaffi da matasa, har da mace. Tsayuwar tana nan, fitar hannu sau uku tana nan. Babu wanda ya kai hannu ƙirji.

Ban san dalilin da ya hana shi gyara mini ba. Wataƙila kunya ce, dattijo ya faɗa wa ɗan boko cewa jikinsa ya gaza. Wataƙila ya zaci zan gane in tambaya. Ni da nake cire wa ɗalibai maki a kan waƙafi ɗaya, na tsaya taku biyu daga mutum yana ciwo, ina gyara kusurwar gwiwar hannuna don ta yi daidai da tasa.

Na gwada cirewa, tunda ƙari ne, alkawari kuma ya hana ƙari. Hannun bai yarda ba. Abin da ya fi hana ni sakat shi ne tsawon tsayawar. Da muka fara, numfashi uku ce. A shekara ta biyu ta kai bakwai, na kuma yi murna a lokacin, ina cewa mun zurfafa. Bakwai nake yi har yau. 'Yata ta sa an auna ni, an ce zuciyata lafiya lau.