Katakon da na fizgo daga murhun waakye

Duk tsufan da zan yi, ba na jin zan manta da ranar da Hajiya Rabi ta tsaya gaban aikin da na fi alfahari da shi, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ba shi ta sa a yi mata ba. Ku da muke aiki tare kun sha jin ina cewa kada a ƙona tsohon katako sai na gani. To ga inda abin ya samo asali.

A lokacin wata biyu ke nan da Masta Isaka, ɗan kwangilar da nake yi wa aiki, ya ɗaga ni daga kafinta zuwa foman. Ga wanda bai san harkar gini ba, foman shi ke raba wa magina da kafintoci aiki, shi ke duba awo, in abu ya lalace kuma shi ake fara kira. Masta ya gaya mini ƙarara cewa gwaji ne. In mai gida ta yaba, na zauna a matsayin. In ta yi ƙorafi, in koma kan zartona.

A unguwar Maamobi aikin yake. Hajiya Rabi ta yi shekaru a Ingila tana kula da tsofaffi a wani ƙauye na yankin Suffolk. Da ta dawo sai ta rushe tsohon gidan mahaifinta tana gina sabo. Ginin bulo ne da kankare kamar na kowa, sai dai ta ce fuskar gidan a yi mata irin ta gidan wata tsohuwa da ta yi jinya har ta rasu a hannunta. Ta ba ni hotuna: farin bango, baƙaƙen katakai a fili a jikinsa, wasu a tsaye wasu a kwance, ga ƙaramar ƙofa, ga benen sama ya leƙo kan titi. Har da hoton cocin ƙauyen na dutse, da gidaje masu rufin ciyawa, irin wanda ko a ƙauyenmu na arewa an daina yayinsa.

Abin da ya ba ni dariya, babu katako ɗaya a hotunan da ya miƙe. Wannan ya gantsare, wancan ya karkace, taga ɗaya ta ɗara 'yar'uwarta tsawo. Na tara kafintocina muka sha dariya, muka yanke cewa kafintan Turawan nan bai gama koyo ba aka sallame shi. Na ƙudura zan fitar da Hajiya kunya. Na sayo sabon katako, muka goge shi sumul, muka kafa da igiyar awo, muka shafa baƙin fenti. Cikin mako biyu fuskar gida ta fito tsaf, har direbobin trotro, motocin hayar nan, suna rage gudu suna kallo.

Ranar Asabar Hajiya ta zo tare da Masta. Na tsaya ina jiran yabo, har da gyara hula. Ta dubi aikin sama da ƙasa.

"Foman, hannunka yana da kyau," in ji ta. "Amma ofis ka yi mini. Wannan ba gidan ba ne."

Masta ya yi mini wani kallo da ya sa na ji zartona yana kirana. Na ce mata ai gyara na yi, na hoton duk a karkace yake.

Ta yi dariya har da dafa bango, sannan ta yi mini bayani. Gidan ya haura shekara ɗari huɗu. Da ɗanyen itace aka gina shi, aka haɗa da turakun katako maimakon ƙusa. Yana bushewa yana murɗewa, kowane katako ya zauna yadda ya ga dama, gidan kuma bai faɗi ba. Ta ce a can mai irin wannan gida ko taga ba ya canjawa sai da izinin hukuma, mutane kuma daga nesa suke zuwa kallo.

"Karkacewar nan nake so," ta ce. "Ita ke nuna mutane sun zauna a gida."

Masta ya ba ni zuwa Juma'a. Gaskiya na tsorata, domin sabon katako ba ya tsufa don an roƙe shi, in kuma ka sassaƙe shi da gangan kowa zai ga ƙarya ce.

Washegari ina cin waakye, wato shinkafa da wake, wurin Maame Fati, mai abinci a bakin lungun, sai idona ya faɗa kan tarin itacen da ke bayan murhunta. Katakan tsohon gidan ne. Ni da bakina na ce leburori su kwashe su kai mata don a rage tarkace. Odum ne, katakon nan da gara ba ta iya masa, ya yi baƙi saboda tsufa da hayaƙi, ya gantsare daidai irin na hoto. Mafi girma a cikinsu kansa ya riga ya shiga wuta.

Na ajiye kwano, na fizgo shi, na juye masa ruwan wanke hannu. Maame Fati ta ɗaga ludayi.

"Ei, Foman, kai ka ba ni, kai kuma ka zo sata? Waakye na zai dahu da mene?"

Na yi mata alkawarin duk guntayen katakon aikin nata ne har a gama. Ta yarda, da sharaɗin in gida ya yi kyau a ce da hannunta a ciki.

Muka cire sabon katakon muka kai shi aikin silin. Tsohon kuwa burushin ƙarfe kawai muka sa masa, muka shafa mai. Nauyin gini yana kan kankare, don haka babu haɗari. Na huda na haɗa da turaku kamar yadda Hajiya ta kwatanta, igiyar awo kuma na kulle ta a akwati don kada hannuna ya kai. Babban nan na ɗora shi a kan ƙofa, da ƙunarsa da komai.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci Hajiya ta zo. Ta dubi bangon tana murmushi, ta matso ƙofa, sai ta tsaya cak. Ta ɗaga hannu ta taɓa wata lanƙwasasshiyar ƙusa da na kasa cirewa, wadda ke da baƙin tabon hayaƙi a samanta. Ta tambaye ni inda na samo katakon. Na gaya mata gaskiya, har da murhun.

"Nan Mma take rataye fitila," ta ce, tana nufin mahaifiyarta. "A ƙarƙashinta muka yi karatu, ni da ƙannena."

Tana kuka tana dariya, ta kira ƙannenta a waya su zo su gani. Ta ce ta haye teku ta ƙaunaci tsohon gidan wata, ta dawo ta rushe nata ba ta waiwaya ba. Masta ya dafa kafaɗata ya ce, "Foman, Litinin akwai aiki a Kokomlemle." Sunan da ya kira ni da shi ya ishe ni, ranar na koma gida da ƙafa don murna ta hana ni zama a mota.

Abin da na koya shi ne, igiyar awo za ta gaya muku ko katako ya miƙe, amma abin da mai gida yake nema a jikinsa sai kun zauna kun tambaye shi, kafin ku yi wa wani kafinta dariya. Maame Fati har yau tana gaya wa masu tsayawa ɗaukar hoto cewa saura kaɗan ta dafa waakye da ƙofar. Ƙusar tana nan in kun bi ta Maamobi, kuma Hajiya ta rataya mata fitila.